Ranar da Hidde Ya Ƙi Kunna Hita

Yahudawan garinmu, can arewacin Holan, ba su da yawa, amma gardamarsu ta ishi babban birni. In ka tara mazan da ke iya takowa majami'a ranar Asabar, har da masu dogara sanda da masu tari, su tara ne cif. Addu'ar jam'i kuwa ba ta yiwuwa sai da maza goma. Sau da yawa haka za a zauna ana kallon ƙofa, ko Allah zai jefo wani baƙo daga Amsterdam.

Hidde Postma maƙwabcin majami'ar ne, malamin makaranta, dogo, ba ya son yawan magana. Shigarsa ta farko ma ba ibada ce ta kai shi ba. Ranar Asabar Bayahude ba ya kunna wuta, ba ya kashewa, kuma ba ya fitowa fili ya ce wani ya kunna masa. Sai dai ya raɓi wanda ba Bayahude ba ya yi ta shaguɓe: "Kai, yau ana sanyi!" Haka suka yi wa Hidde wata safiya a ƙofar gidansa har ya gano inda suka dosa, ya shiga ya danna musu makunnin hita, na'urar ɗumama ɗaki. Ya tsaya ya ɗan saurari karatu. Asabar ta gaba ya dawo ba tare da an kira shi ba, kunna hita kuma ya zama aikinsa.

Da ya ce yana son shiga addinin, malamai a Amsterdam suka sallame shi, kamar yadda ake yi wa kowa don a ga ko da gaske yake. Ya koma, suka sake sallamarsa, ya sake komawa. Ya yi shekaru yana karatu. Ya haƙura da naman alade, har da wanda mahaifiyarsa ke sa masa a miyar wake lokacin sanyi, abin da ya sa ta yi masa fushi ba kaɗan ba. Aka yi masa kaciya da furfura a gemunsa, mutanenmu kuwa suka samu abin tsokana na wata guda. Daga ƙarshe ya nutsa a ruwan tsarki a gaban malamai, ya fito Bayahude.

Kowa ya yi murna, ban da Baba Izak Velleman, tsohon mai sayar da yadi. Yana jariri aka ɓoye shi a gidan wasu manoma lokacin yaƙin duniya na biyu, jirgin ƙasa ya tafi da danginsa sansanin da ake kashe Yahudawa, ko ɗaya bai dawo ba.

"Mu ba a tambaye mu ba," in ji shi, kuma a gaban Hidde ya faɗa. "Shi zaɓa ya yi. Abin da mutum ya ɗauka da kansa, gobe yana iya ajiyewa."

Maganar ta yi wa Hidde ciwo ƙwarai. Ya fi son tsohon nan ya ƙidaya shi cikinsu a kan duk yardar malaman Amsterdam.

Asabar ta farko bayan wankansa ta zo daidai da ranar da matar Baba Velleman, Inna Betje, ta cika shekara da rasuwa. Dole tsohon ya karanta mata Kadish, addu'ar da ake yi wa mamaci, ita ma sai da goma. Tun da Hidde ya daina taɓa wuta, an sa wa hitar agogo mai kunna ta da kanta. Ranar da aka fi bukatarsa, agogon ya ƙi. Ƙanƙara ta rufe titi, ko kare babu a waje, cikin majami'a kuwa numfashin kowa sai hayaƙi yake.

Loek, mai jan addu'a, ya duba zauren, ya ga tsoho Max yana ta tari, ya matso kusa da Baba Velleman ya rage murya. "Baba, su Max ba za su jure ba fa. Ka ji tarinsa? In ya tashi ya tafi gida, shi ke nan."

Baba Velleman ya ja ƙafa ya zo ya tsaya kusa da Hidde, kamar yadda ya yi shekara da shekaru. Ya murza hannuwa, ya kalli rufi.

"Kai, yau ana sanyi!"

Sauran ma duk suka juyo. Ba da mugunta ba, sabo ne kawai. Hidde yana zaune lulluɓe da sabon mayafin addu'arsa, makunnin yana nan jikin bango kusa da kafaɗarsa. Har yatsansa ya motsa. Sai ya tura hannun ƙarƙashin mayafi.

"Wallahi ana sanyi, Baba," ya ce.

"Na ce ana sanyi, yaro. Ko kunnenka ma sun yanka?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

"Na ji ka sarai," in ji Hidde. "In na taɓa abin nan, ku tara ne, kuna da ɗumi, Inna Betje ba ta da addu'a. In na zauna, mu goma ne, mu sha sanyi tare. Kai za ka faɗa, Baba. Ni dai ba zan zama duka biyu ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, leɓensa na motsi. Mai taurin kai ne, amma bai taɓa yaudarar kansa ba. Ya juya ya koma wurinsa, ya tuɓe babbar rigar sanyinsa ya jefa wa Max.

"Sa wannan, ka daina mana tari kamar tsohuwar mota. Loek, me kake jira? Fara."

Ana tsakiyar karatu sai ga Inna Roosje, ƙanwar marigayiyar, ta shigo a makare tana kaɗe ƙanƙara daga takalmi. Ta leƙo daga wajen mata, ta hango Hidde, ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen sahu zai ji.

"Hidde, ɗan albarka, kai ba ka jin sanyin nan ne?"

Baba Velleman ya buga tafin hannu a kan benci.

"Ke Roosje, kina da hankali kuwa? Bayahude kike so ya karya Asabar a cikin majami'a? In sanyi kike ji, fita ki nemo maƙwabci!"

"To, wane maƙwabcin kuma?"

"Oho. Namu dai mun cinye shi."

Sannan tsohon ya miƙe, daga shi sai 'yar shara, haƙoransa na kaɗawa, ya fara Kadish. Hidde ya ji wani alfahari ya cika masa ƙirji, hawaye masu ɗumi suka zubo masa bai share ba. Da Baba Velleman ya kai inda jama'a ke amsawa, sai ya dakata, ya waiwayo, ya jira.

"Amin," in ji Hidde, da ƙarfin da ya fi na kowa.