Murjanin Rahmatu

Lukuman ɗan Bawa maƙeri ne ya ƙone mani murjani, ya san shi ne, kuma ya dubi tsabar idona ya ce ba shi ba ne. Sarkin Maƙeran Kalgo, ranka ya daɗe, kai na kawo wa ƙara, don yaronka ne. Ni Dije ce, matar marigayi Atiku na Gwandu. Nan Kalgo anka haife ni, bayan masallaci. Ban san baƙi ko ɗaya ba, sawa na yi anka rubuta, don kada gobe a ce tsohuwa ta sake magana.

Abin wuyan nan na uwata ne. Murjani arba'in da ɗaya, ja wur, da ƙwayoyin azurfa tsakaninsu, da 'yar layar azurfa da ke sauka a ƙirji. Ni na sa shi ranar aurena. Ɗiyata Rahmatu ta sa shi ranar nata. Shekarar da anka canja kuɗi Rahmatu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Da hantsi, ranar da za ta cika, ta sa na ɗauko mata shi, ta riƙe, sannan ta danƙa mani. Ta ce, "Inna, ki aje wa Huseina. Kada ki ba kowa, ko ubanta." Huseina, ɗiyarta, na zaune bakin ƙofa, shekararta goma sha ɗaya, ta ji da kunnenta.

Shekara takwas ina riƙon amanar nan. Kowace shekara, in azumi ya yi nisa, sai in shimfiɗa tabarma in kwance zaren. Azurfa gefe guda, murjani gefe guda, ba su haɗuwa wurin wanki. Azurfa ita ce mai son tsami: a jiƙa ta cikin ruwan tsamiya, a goge ta da tankaɗaɗɗiyar toka, a ɗauraye. Murjani kuwa ko ruwan lemun tsami bai taɓa shi, ko turare ba a fesa masa. Ɗigon man shanu a tafin hannu, a murza shi ɗaya bayan ɗaya, a share da tsohon ƙyalle mai laushi, a shirya a sabon zare, a mayar cikin batta bisa auduga. Haka uwata ta koya mani, haka Bawa, uban Lukuman, ya koya mata.

Bana idona ya yi hazo. Ramin murjani ban ganinsa, balle in zura zare. Ga bikin Huseina ya matso. Tana son yaron da za ta aura, yana sonta, malamin makaranta ne a Dalijan. Na ce ba ni kai ta ɗaki da baƙar azurfa. Na ƙulle battar a bakin zane, na hau mota biyu, na zo Kalgo ranar kasuwa neman Bawa.

Na ishe Bawa ya shekara biyu da rasuwa. Ba wanda ya gaya mani. Ɗansa Lukuman ne zaune a maƙera da rediyo a kunne.

Ya ce, "Gwaggo, kawo mu gani."

Na ce, "Ka kwance zaren tukuna. Azurfar kaɗai za ka wanke. Murjanin ka bar mani shi a tafin hannuna."

Ya yi dariya. "Haba Gwaggo, tsamiya da toka? Sai ka ce za a dama kunu? Ai wannan aikin su Baba ne. Yanzu ruwan wankin azurfa ake kawo mana daga Sakkwato, kafin ki yi tari ya fita tas."

"Ni dai na faɗa maka, ɗan nan. Ka kwance."

"An gama, Gwaggo. Je ki yi azahar, ki dawo ki ga aiki."

Na tafi. Wannan tafiyar ita ce laifina, ba ni musunta ta gaban Allah. Rahmatu ta ce kada in ba kowa, na ba ɗan Bawa, don na ɗauka hannun uba na bin ɗa.

Da na dawo, har ya naɗe shi cikin takarda. Ya buɗe bakin takardar kaɗan, layar azurfa ta yi walƙiya, walƙiyar kaɗai idona ya kama. Na ce, "Ka kwance kuwa?" Ya ce, "Ai sai da na kwance." Yana ta gaggawa, wai mota za ta bar ni. Shi da kansa ya cusa takardar cikin batta ya rufe. Na sa masa albarka. Ka ji, ranka ya daɗe, albarka na sa masa.

Ban sake buɗe battar ba sai ranar Lahadi da dangin uban Huseina sunka zo ganin kayan ɗaki. Tsakar gida cike da mata. An ga kwanoni, an ga tabarmi, sai Jummai, ƙanwar uban, ta ce, "Inna Dije, a fito mana da murjanin marigayiya, ko mun ga abin da ake ta labari." Na fito da shi ina taƙama, na warware takarda, na ɗaga.

Ba wadda ta yi guɗa.

Jummai ta karɓa, ta juya shi, ta ce, "Wanga mi ne ne? Ƙashin kifi?"

Na fizge. Yatsuna sunka gaya mani abin da idona ya kasa. Murjanin da na sani sumul kamar kuncin jariri ya koma kaushi, duk ramuka, na murza ɗaya ya bar mani gari a hannu. Na kai shi dab da ido. Fari fat. Zaren kuwa nawa ne, na bara, ga ƙullina nan guda uku a ƙarshe, har ya fara zagwanyewa. Bai kwance ba. Gaba ɗaya ya tsoma shi cikin ruwan nan nasa.

Na ce, "Maƙeri ne ya ƙone shi."

Jummai ta ce, "Uhm. Murjanin gaske ne ke ƙonewa a ruwa? Abin da a ruwa anka ciro shi? Ki dai ce an sayar da na gasken an sha magani, Inna. Tsufa sai da kuɗi."

Wasu sunka yi dariya cikin mayafi. Wannan bai dame ni ba, Jummai tun tana yarinya bakinta ya fi ta tsawo. Huseina ce. Ta zo ta durƙusa, ta ɗauki abin wuyan, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, "Inna, da kin gaya mani kina bukata, ai da ni zan ce ki sayar." Ta aje shi bisa tabarma ta shige ɗaki. Tun ranar tana kawo mani tuwo, tana gaishe ni, ba ta zama. Yarinyar da ke kwana a bayana tun da uwarta ta rasu.

Washegari na koma Kalgo. Na zube wa Lukuman abin wuyan gaban mutane na ce, "Mi ka yi?"

Ko kashe rediyo bai yi ba. Ya ce, "Gwaggo, haka kika kawo shi. Rini ne a jiki, ruwa ya wanke. An cuci kakanninki tun asali."

Uwata ya ce an cuta. Uwata da ubansa ke tashi tsaye in ta shigo maƙera. Na ɗaga sanda, mutane sunka riƙe ni, wani ya ce in yi haƙuri, abin duniya ne. Na ce wa mutumin in uwarsa ta bar masa abu, ya kawo in zuba a wuta, sannan ya koya mani haƙuri.

Kada a aiko mani da kuɗi, ba ni karɓa. Kada a sayo mani wani murjani, wuyan Rahmatu bai taɓa shi ba. Abin da ya tafi ya tafi. Jikata nake so ta san ban sayar da uwarta ba.

Ina da shaida guda. Na ce maka murjani arba'in da ɗaya ne, arba'in na kai Kalgo. Ɗayan yana da ɓalli a gefe, Rahmatu ce ta cije shi tana goye, lokacin tana haƙora. Gefen na yanke zare, shi ya sa tun bara na cire shi, na ƙulle shi daban cikin auduga. Huseina ta san shi, da shi take wasa tana ƙarama, tana sa haƙorinta inda uwarta ta sa nata. Jummai ma ta san shi. Yana nan ja wur. Shi kaɗai ya rage mani, kowace safiya sai na murza shi.

Ranar Juma'a ake ɗaura aure. Ina son ka tasa Lukuman gaba, ya zo Gwandu kafin ranar, da kwalbar ruwan nan a hannunsa, ya tsaya tsakar gidana gaban Huseina da Jummai. In ya faɗi da bakinsa cewa shi ya ƙone, shi ke nan, Huseina ta tafi ɗakinta da guda ɗayan. In ya ƙi, ni da hannuna zan jefa murjanin nan guda cikin kwalbar, mu tsaya duka mu ga ya yi fari, wurin haƙorin ɗiyata ya narke, sannan Lukuman ya dubi yarinyar nan ya gaya mata dalili.

Ka kawo shi, Sarki. In ba ka kawo shi ba, kai zan tambaya.