Abin da Kulu Ta Yafe

"Fam nawa ka ce?"

Mati direba ya cire hularsa ya ajiye a kan kantar ofishin, sai ka ce hular ce ta toshe masa kunne. Malam Luke, akawun kamfanin inshora mai ɗan ofishi kusa da tashar jirgin ƙasa ta Funtua, ya sake faɗa a hankali.

"Sittin da biyar."

"Bara arba'in na biya."

"Bara ke nan."

Mati ya waiga, ko akwai wani a bayansa da ake yi wa maganar. Ba kowa sai benci da randar ruwa. Ta taga yana hango motarsa, tsohuwar lori mai bodin katako, wadda ya wanke tas tun da safe saboda zuwa ofishin nan, kamar su inshora tsabta suke dubawa.

Shekara goma sha ɗaya yana jan mota tsakanin Funtua da Malumfashi, ko kaza bai taɓa takewa ba. A tasha Mati Sannu-sannu ake ce masa. Wai in akuya ta kwanta a hanya sai ya tsaya ya gaishe ta, ya tambaye ta mutanen gida. Masu tsokanar su yi ta yi, amma in matansu za su tafi unguwa, motarsa suke jira. To ga sakamako yau. Takardar inshorarsa za ta mutu ranar Juma'a, kasuwar auduga kuma za ta buɗe mako mai zuwa. Ba takarda, 'yan sanda ba za su bar shi ya wuce ko shingen farko ba. Jigilar audugar nan kuwa ita ke ciyar da gidansa shekara guda, shi da iyalinsa da ƙanwarsa Kulu, wadda ta dawo gabansa da yara huɗu tun da mijinta ya rasu.

"Malam Luke, dube ni da kyau. Na taɓa zuwa nan na ce ko fitila ta fashe mini?"

"Ba ka taɓa ba."

"To laifin me na yi?"

"Ba ka yi laifi ba. Zauna ka ji." Luke ya cire tabarau ya murza ido. "Kuɗin nan da kuke biya, ba ajiya ake yi wa kowa da sunansa ba. Tukunya ɗaya ake zubawa, kai da duk mai lori a ƙasar nan. Wanda ya yi hatsari, a ɗebo a biya. In ɗibar ta yi yawa sai a ce kowa ya ƙara zubi. Manyanmu na Ikko ba su san Mati ba. Hanya suka sani, kuma hanyar nan taku ta ci musu kuɗi bara."

"Wato ni zan biya gangancin wasu."

"Kusan haka ne. Ka ɗauki hatsarin gadar nan ta bayan Bakori kawai, motar Alhaji Maitama. Mutum tara. Kowane rai sai da kamfani ya biya iyalinsa fam ɗari biyu, ban da kuɗin motar."

Mati bai zauna ba, amma sai da ya dafa kantar da hannu biyu.

"Wane iyali?"

"Iyalan mamatan mana."

"Malam Luke, Shitu yana cikin taran nan. Ƙanwata yake aure. Da hannuna na jawo shi daga ƙarƙashin buhunan gyaɗa. Wallahi tallahi ko anini Kulu ba ta gani ba!"

Akawun ya ce, "Alhaji ya zo da wasu dattawa biyu, aka ce su ne wakilan gidajen. A gabana aka ba su." Ya dafe kai. "Ya Ubangiji! Har da ɗan Roda a ciki, 'yar cocinmu ta Kafur. Duk Lahadin da na je gida ina ganinta da zane ɗaya, ina cewa a raina matar nan akwai tattali."

A waje jirgi ya yi kuka.

"Zan rubuta wa manya," in ji Luke. "Amma kada in yaudare ka. Ko sun yarda, ko ba su yarda ba, kuɗin ya riga ya fita. Sittin da biyar ɗin nan ba zai sauka ba."

*

Yadda Mati ya kai Malumfashi ran nan, shi kansa bai sani ba. Hannunsa ne ya ja motar, zuciyarsa tana can zauren makoki na bara. Alhaji Maitama ya zo da buhun dawa da ƙwaryar goro, ya zauna a ƙasa, ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Mati ne babba a ɗakinsu, shi ya yi magana da bakin kowa: "Alhaji, Allah ne ya kawo. Mun yafe duniya da lahira." Haka ake yi. Wa zai tsaya ciniki a kan gawa da mutumin da kuke sallah sahu ɗaya? Har aka yi ta yabon Alhaji a gari, wai mai kuɗi ne amma yana da tausayi.

Mati ya sami Alhaji a rumfarsa ta tasha, ya kishingiɗa a kan buzu. Shi ne shugaban masu motoci, shi ke raba lodin auduga, ya ba wanda ya so. A gefen rumfar sababbin lori biyu suna ta ƙyalli.

"A'a, Sannu-sannu! Zauna mana. A kawo maka ruwa?"

"Ba zama ya kawo ni ba, Alhaji. Daga ofishin inshora nake. Kuɗin Shitu."

Mati ya zaci zai ga mutumin ya firgita, ko ya hau rantsuwa, ko ya yi faɗa. Ina! Alhaji ya ɓare goro, ya duba cikinsa, ya jefa rabi a baki.

"Ranar sadakar uku, wa ya yi magana da bakin gidanku?"

"Ni ne."

"Liman yana wurin. Ka ce kun yafe, ba ku cin kuɗin jini. Haka gidajen nan tara suka ce, Musulminsu da Kiristansu. To ga kuɗi Turawa sun ware, masu shi sun ce ba sa so. In bar musu su mayar Ingila? Ni ma fa asara na yi."

"Kai muka yafe wa! Ba mu san da wani kuɗi ba!"

"Rage murya. Da kun sani, karɓa za ku yi? Za ka iya kallon Kulu ka ce ta sayi dawa da jinin mijinta, ta tuƙa wa 'ya'yansa?"

Nan Mati ya tsaya cak. Ya zo da wuta a cikinsa, ga shi an bar shi yana laluben magana kamar shi ne ɓarawon.

Alhaji ya gyara zama, ya yi tsaki. "Ai ni ma an ƙara mini, mota uku! Zalunci ne wallahi, mutanen nan ba sa tsoron Allah." Ya sa hannu a aljihun 'yar ciki, ya fito da takardun fam sababbi ƙal. "Ungo ashirin da biyar, ka cika. Ka biya ni bayan kaka. Ranar Litinin zan raba lodi, kuma ina son ka samu. Abin da ba na so shi ne surutu."

Mati ya dubi kuɗin. Bai karɓa ba. Amma bai tofa masa yawu ba, bai tara jama'a ba, domin bakuna goma sha biyu na jiran lodin ranar Litinin. Da ya juya zai tafi sai ya ji bakinsa ya ce, "A huta lafiya, Alhaji." Sabo ne. Bai taɓa jin ya tsani kansa kamar lokacin ba.

*

Da la'asar ya shiga gida. Kulu tana tsakar gida tana matsar man gyaɗa, ta ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali, hannayenta sharkaf. Can kusa da rumbu, san noman da Shitu ya bari yana tuƙa a turke. Da can su biyu ne, an sayar da ɗayan tun cikin damina da yara suka yi ƙyanda.

"Yaya, lafiya? Fuskarka kamar wanda ya ga gawa."

Ya zauna a kan turmi. Ya yi niyyar ya gaya mata ƙarin kuɗin kawai ya haɗiye sauran, ya kuwa fara haka. Ta saurara ba ta daina matsa ba.

"Ashirin da biyar? Kai! To a kai san nan Bakori ran kasuwa. Ai in mota ta tsaya, dukanmu mun tsaya."

"Ba za a taɓa san nan ba."

"Don me? Ciyawarsa ma ta ishe ni."

"Kulu, ba ki san abin da za ki biya ba ne."

Sai ya gaya mata. Tukunya ɗaya, gadar Bakori, dattawa biyu da ba wanda ya san su, har maganar da Alhaji ya yi yana cin goro. Bai rage komai ba. Yana magana yana kallon ƙasa, yana jiran ta ƙwalla ihu.

Ba ta yi ihu ba. Hannayenta ne suka tsaya cikin tunkuzar, mai yana ɗiga daga gwiwar hannunta zuwa zane, ba ta ma sani ba.

"Buhun dawan nan da ya kawo," ta ce. "Har addu'a na sa yara suka yi masa."

"Na sani."

"Nawa suka ce?"

"Me?"

"Shitu. Nawa suka ba da a kansa?"

"Fam ɗari biyu."

Ta yi wata irin dariya, gajera, wadda Mati ya gwammace a ce kuka ta yi. "Ɗari biyu. Mutumin da tun da na aure shi bai taɓa riƙe fam goma nasa na kansa ba. Ashe yana da tsada haka."

"In kin ce mu je gaban alƙali, wallahi zan je. Mota ta tsaya in za ta tsaya."

"Mu ci me, Yaya? Ƙarar?" Ta goge hannu a zane. "Na ce na yafe ran Shitu, kuma na yafe, ba zan janye ba. Wannan kuwa ban yafe ba. Ka ji ni, Allah ma ya ji ni. Ban yafe ba."

Ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar dusa da ɗan guntun kanwa. Ta jiƙa, ta dama da hannu, ta kai gaban san ta durƙusa. Ya sunkuyo ya fara ci, ita kuma tana cire masa kaska a wuya ɗaya bayan ɗaya.

"Bari ya ƙoshi," ta ce, ba ta waigo ba. "In suka ga haƙarƙarinsa a waje ba za su ba ka ashirin da biyar ba."