Baƙin Baba Mai Fenti

"Miƙo ƙafarka, Makanike," in ji Baba Mai Fenti. "Motar ta sake mutuwa a tsakiyar titi."

Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, jiki ya ranƙwafa, ƙafafu kamar an kafe su da ƙusa. Na ajiye jakar kayan aikina, na gitta masa ƙafata a gaba. Ya ƙura mata ido, ya ƙirga ɗaya, biyu, ya tsallake. Sai tafiya ta kama, 'yan gajerun taku masu sauri, har kujerarsa ta ƙarƙashin rumfa.

Shekara ashirin katangarmu ɗaya. Rabin allunan shagunan layinmu shi ya rubuta, har da na garejina. Ciwon ya fara da rawar babban yatsa. Daga nan rubutunsa ya riƙa ƙanƙancewa, har mutumin da ke zana harafi tsayin ƙofa ya koma sa hannu kamar sawun tururuwa. Likita ta ce sunan ciwon Fakinsin.

Shi ya yi mini bayani ranar da ya dawo daga asibiti.

"Wai a ƙwaƙwalwa jijiya ba ta taɓa 'yar'uwarta. Akwai ɗan giɓi a tsakani, wani sinadari ne ke tsallakawa da saƙo, dofamin ake ce masa. To, masu haɗa nawa ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai in ce wa ƙafa tashi, saƙon ya maƙale a hanya."

"Ashe inji lafiya, mai ne ba ya zuwa."

"Ka ji ka. Kai ko mura ce sai ka kwance wa mutum kabireto."

Dariya yake yi, amma fuskar ba ta motsa ba. Ita ma ciwon ya riƙe ta.

Autarsa, malamar makaranta, ita ta dawo gidan da zama don ta kula da shi. Sau huɗu a rana take ba shi ƙwaya. Bayan kamar minti arba'in sai ka ga mutum ya dawo: ya ɓalle maɓallinsa da kansa, ya leƙo gareji ya ce allona ya koɗe, abin kunya ne gare shi. Shekaru suka tafi a haka. Sannan ƙarfin maganin ya fara gajarta, aka ƙara masa, aka sake ƙarawa.

Sai baƙi suka fara zuwa.

Wata la'asar na tarar da Auta a tsakar gida, ido jawur.

"Yaya, shiga ka ji. Wai in kawo wa mutane kujeru."

"Mutum uku ne," in ji Baba, yana nuna jikin taga. "Ba sa magana. Na san babu su, ba hauka nake ba. Amma a bar baƙo a tsaye?"

Likita ta ce aikin maganin ne. Sinadarin nan ba ƙafa kaɗai yake kai wa saƙo ba, maganin kuma bai san gida ba, har inda ba a aike shi ba yana zuwa. Ta rage masa.

Baƙi suka ɗauke ƙafa, Baba kuma ya zama icce. Mako biyu ni nake juya shi a gado kafin in fita aiki. Cokali ya gagare shi. Muryarsa sai ka kai kunne bakinsa.

"Kira min Auta," ya ce ran nan.

Auta ta zo ta durƙusa.

"A mayar min da maganina."

"Baba, tsoro nake ji in na ga kana magana da bango."

"Su ba su taɓa min komai ba. Wannan kwanciyar ce ke cina." Ya huta. "Ki bar ni in kai kaina bayi, ko da da 'yan rakiya ne."

Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Washegari ni na kai su asibiti. Likita ta saurare shi har ya gama, ta faɗa masa abin da zai biyo baya ba ɓoye-ɓoye, ta mayar masa da kusan duk maganin.

Wata biyar ya samu. Ya koma kujerarsa, ya koma yi wa allunan sababbin shaguna tsiya. Auta ta saba, har takan ce, "Yau su nawa ne, Baba?" Ya ce, "Biyu, ɗayan ya yi fashi."

Haɗiya ce ta kayar da shi. Ruwa ya riƙa sarƙe shi, tari ya sauka ƙirji, zazzaɓi ya biyo. Kwana shida a asibiti, ya ce a mayar da shi ɗakinsa.

Ranar ƙarshe ban buɗe gareji ba. Da hantsi ya motsa baki, na sunkuya.

"Makanike... sun tare min haske. Ce su ɗan matsa."

Auta ta dube ni. Na miƙe, na fuskanci tagar da babu kowa a jikinta.

"Bayin Allah, a ɗan matsa wa mai gida."

Na ja labulen gefe. Rana ta shigo har kan bargonsa.

"Yauwa," ya ce. "Suna jin maganarka."

Bai ƙara cewa komai ba. Wajen sha biyu Auta ta fita ta daka masa ƙwaya, ta dama a cokali da ɗan ruwa. Kafin ta dawo ya cika. Ta tsaya a bakin gado tana kallonsa, ta tare ƙasan cokalin da hannu ɗaya kada ya zube.

Da yamma, bayan mun dawo daga kai shi, na shiga ɗauko wa masu gaisuwa kujera. Cokalin na nan a kan taga inda ta ajiye. Ruwan ya bushe, sai farin gari a cikinsa.