Mai Sayen Alewar Shagonsa

Muna tsakiyar sauko da dattijon maƙwabcina Ammu Hifni daga bene a kan kujerarsa ya fara yi mana faɗa, wai ba mu iya ɗaukar komai ba sai gulma. Ciwon hanta ya cinye shi har bai kai nauyin rabin buhun riɗi ba, amma bakin yana nan daram. Likita ya hana shi motsi. Shi kuwa ya rantse ba zai ji kukan sabon injin shagonsa daga gado ba kamar baƙo.

Shagon askina bango ɗaya ne da shagonsa na alewa a lungunmu na birnin Tanta a Masar, don haka babu halinsa da ban sani ba. Mutumin nan idan zai kai wa iyalinsa alewa, sai ya ciro kuɗi daga aljihu ya sa a durowar shago, ya rubuta. Sukari, riɗi, gas, ladan masu aiki, har tiren da ya ƙone, duk sai sun shiga littafi. Mu kuwa mun taso muna jin cewa ƙirga arziki korar albarka ne. Mu'allim Sha'aban, mai babban shagon alewa na bakin titi, wanda ke zura hannu a durowa ya yi cefane ya yi biki, shi ya fi kowa tsokanarsa.

"Hifni, in ka yi hamma ma rubutawa kake?"

"Shago maƙwabcina ne, Mu'allim. Ba na cin dukiyar maƙwabci."

Da ya kwanta, ba mutuwa ce ta hana shi barci ba, shagon ne. Mai gida ya ƙara haya, aikin hannu ya daina riƙe wurin, dangi kuma suna ta zuga Nawal, 'yarsa tilo, ta sayar wa Sha'aban tun shagon yana da daraja. Ni kaina na ɗauka magana ta ƙare, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Ana haka, gab da maulidi, wani ɗan kasuwa daga Iskandariyya, Alhaji Mitwalli, ya zo neman wanda zai riƙa yi wa shagunansa alewa, ya saya masa inji, a riƙa cire kuɗin injin a hankali. Wurin Sha'aban ya fara zuwa, kamar yadda kowa ya zata. Ya tambaye shi nawa tiren alewa ɗaya ke tsaya masa. Sha'aban ya ce alhamdu lillahi. Ya sake tambaya, ya sake samun alhamdu lillahi. Alhajin ya ce shi ma yana godiya ga Allah, amma ba zai iya yanka farashi da ita ba.

Da ya iso lungunmu, Nawal ba ta yi dogon zance ba. Littattafan da muka yi shekaru muna yi wa dariya ta jibge masa. A bencina ya zauna yana buɗawa har shayinsa ya huce. Inda ya fi daɗewa shi ne shekarar da sukari ya yi tsada suka tafka asara, ga ta nan a rubuce ba a yi mata kwalliya ba.

"Wanda ya rubuta asararsa ba zai ɓoye mini riba ba," in ji shi. "'Yata, ina za a kafa injin?"

To, injin ke nan da muka sauko da tsoho ya gani. Lungu ya cika, mata na guɗa daga tagogi, Sha'aban ma ya zo ya tsaya a baya yana shafa gemu. Nawal ta kunna, ƙamshin riɗi ya tashi, ta yanko ɗan guntun farko ta sa wa mahaifinta a baki. Bai iya taunawa ba, tsotsa kawai ya yi, idonsa a rufe. Sai muka ga hannunsa yana lalube cikin aljihun jallabiya.

"Haba Baba. Wannan kyauta ce."

"Kyautar wa? Ke kika biya?"

Dariya ta ɓarke, Nawal na dariya tana share hawaye. Ya miƙa mata fam biyar, bai yarda an ɗaga kujerar ba sai da ya ga ta rubuta. A kan matakala ya kama hannuna ya ce, "Wanzami, yanzu kam ko gobe."

Ya kai bayan maulidi. Ya ji motar Iskandariyya ta zo ta koma cike, sannan ya cika ranar Juma'a da hantsi. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

An kafa rumfar ta'aziyya a lungu, aka raba alewa sadaka. Sha'aban ya matso kusa da ni ya tambaya ƙasa-ƙasa ko na san inda marigayi ke sayen irin littattafan nan. Na nuna masa shagon da ke bayan masallaci.

Da jama'a suka ragu na leƙa ta ƙofar shagon. Nawal na tsaye cikin baƙaƙen kaya, ga tirorin sadaka babu komai a kansu. Ta buɗe jakarta ta sa kuɗinsu a durowa, ta jawo littafin, ta buɗe shafin sayayyar 'yan gida, ta rubuta a ƙarƙashin layin fam biyar ɗin mahaifinta.