Hannun Gopal

"Ajiye shi, Avinesh. Abin da ya karye ba a yi masa bauta, ko ɗan goye ya san wannan."

"To ɗan goyen ya zo ya ƙwace shi."

Yayana Rohitesh na tsaye a ƙofar ɗakin ibada da takalman yankan rake a ƙafarsa. Da Nani tana raye, da ya sha tsintsiya. Ni ina zaune a ƙasa, Gopal na kan cinyata, hannunsa na dama yana cikin tafina.

Gopal murti ne, wato mutum-mutumin ibada, na farin dutse, siffar abin bautarmu Krishna yana jariri, bai kai tsawon kwalba ba. Nani, kakar da ta raine mu, shekara arba'in tana tashinsa da safe. Ta ja labule, ta yi masa wanka da madara, ta sa masa riga, ta ba shi alewar halwa kafin kowa ya ɗanɗana. Abin da ya bari shi ne prasad, shi muke ci. Ba ta taɓa yarda wani ya ga wankan ba.

Ta rasu. Kwana goma sha uku na makoki ɗakin na rufe. Yau aka buɗe, hidimar ta faɗo kaina, tunda ni ne mai zaman banza tun da na gama sakandare. Na tuɓe masa riga, hannun ya biyo rigar.

Rohitesh ya ce ni duk abin da na taɓa sai ya lalace. Ya ce rai ɗin da aka sa wa murtin da addu'a ya fice ta karayar, saura dutse kawai, ajiye shi kuma jawo wa gida masifa ne, ga matarsa da tsohon ciki. A kai shi kogin Qawa yau, a sake shi a ruwa, zai sayo sabo a garin Labasa.

"Bhaiya," na ce, don haka nake kiran yayana, "kai da ko fitila ba ka taɓa kunna masa ba, yau ka zama pandit?"

Ya fita ya ɗauko pandit na gaske, malamin addininmu.

Pandit Shiu Dayal ya cire takalmansa a waje, ya kalli ƙafafun yayana har sai da ya cire nasa. Ya saurare mu. Sannan ya ce, a hankali kamar mai lallashin akuya, Rohitesh ne da gaskiya. Karyayyen murti gida ne da mai shi ya tashi. Ba a ciyar da shi, ba a neman ganinsa, ba ya ganin kowa.

Na miƙa masa hannun ba da ladabi ba, na ce ya ɗauka, tunda dutse ne.

Ya karɓa. Ya juya shi wajen hasken taga, ya daɗe. Ya sa farce ya kankare bakin karayar, wani abu jaja-jaja ya zubo a tafinsa. Gam ne, tsoho, an shafa wani kan wani har sau uku ko huɗu.

"Wannan karayar ta girme ku duka biyun," in ji shi.

Na jawo gwangwanin biskit inda Nani ke ajiye kayan Gopal, na zazzage a ƙasa. Riguna sun fi talatin, ɗinkin hannunta. Duk masu dogon hannu. Ko ɗaya babu mai gajere.

Rohitesh ya ce wannan bai canja komai ba, doka doka ce, amma muryarsa ta sauka. Motar rake na ta yi masa hon a bakin titi, bai motsa ba.

Na rungume Gopal, na kalli tsohon ido cikin ido.

"Pandit-ji, in tun kafin a haife mu babu kowa a cikinsa, wa Nani take ciyarwa kowace safiya? Mu kuma sauran abincin wa muka ci muka girma?"