Man da Aka Ƙara wa Auki

Ranar wata Talata da hantsi, cikin Mayun 1996, Keziah ta bar keken rubutunta a sakateriya ta nufi kantin maganin Malam Njidda a unguwar Barade. A jakarta akwai robar man kare fata daga rana, wanda wata nas ta kawo wa Rose, 'yar Keziah, daga Jos. Rose zabiya ce, shekararta bakwai. Mako uku ke nan gyambo ya fito mata a saman kunne, ya ƙi warkewa.

Njidda ya sa tabarau, ya bi ƙananan rubutun bayan robar da farce.

"Lamba talatin. Akwai zinc a ciki, shi ke tare rana. Wa'adinsa bai cika ba. Rubutun dai ba laifi."

Ya matsa kaɗan a bayan hannunsa ya murza. Man ya nutse nan take. Ya duba bakin murfin, inda ragowar ta bushe ta yi ruwan ƙasa.

"Maman Rose, mai zinc fari yake bari kamar alli. Wa ya taɓa wannan?"

"Ba kowa, Malam."

"Ni ba ɗan sanda ba ne."

Ta sunkuyar da kai. A watan Maris man ya kusa ƙarewa, sai ta kai wa Binta mai haɗa man shafawa a kasuwa ta ƙara masa auki, kamar yadda matan ofis ke yi da nasu. Binta ta zuba basilin da wani mai na bututu, ta juya da tsinke, ta cika robar har wuya.

"Na bilicin ne," in ji Njidda. "Shi ke yin wannan launi in ya sha iska. Na asalin ɗan kaɗan ya rage. Sauran kuwa buɗe wa rana ƙofa yake yi."

"Kunnen fa? Ko irin na…" Ba ta ƙarasa ba. Ƙaninta ma zabiya ne. Nasa a wuya ya fara, ya rasu yana da ashirin da shida.

"Ba zan ce ba. Sai likita ya gani." Ya rubuta mata sunan wani likita a Yola. "Yau kin shafa mata?"

"Fuska, wuya, hannu. Da yawa ma."

"Tana ina?"

"Filin makaranta. Suna koyon macin Ranar Yara, sai ƙarfe ɗaya."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata. Keziah ta fita bakin titi tana ɗaga wa 'yan acaɓa hannu. Na farko da na biyu duk da fasinja suka wuce.