Gurbin Amshin Rekiya

Duk wanda ya san Mamuda mawaƙi a Dutsin-Ma ya san ba ya iya kai baiti ƙarshe sai matarsa Rekiya ta amsa masa. Ita ce 'yar amshinsa tun kafin su yi aure. Mutane kan tsokane shi cewa ko sallama zai yi, sai ya ɗan dakata ya ji ko za ta karɓa.

Da ta rasu wajen haihuwa, mahaifiyarta Gogo ta kira shi zaure a Kurfi ranar addu'ar bakwai. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa son waƙar nan ba.

"Baban Lubna, abu ɗaya nake roƙo," in ji ta, tana kiransa da sunan ɗiyarsu. "Abin da ya riga ya fita ya fita. Amma kada ka ƙara fiddo muryar ɗiyata a kasuwa. A bar ta ta huta."

Yana tsugune, kansa a ƙasa, ya ce ya ɗauki alkawari.

Alkawarin bai yi masa wuya ba sai da ya shiga situdiyon Munzali don yin albam shi kaɗai. Ya buɗe baki, baiti ya fita, ya tsaya yana jira. Shiru. Daga nan sai muryar ta sarƙe. Haka suka yi ta fama har Munzali ya gaji da ƙona fetur a janareta, ya ce akwai tsofaffin amshin Rekiya da ba a taɓa fitarwa ba a kwamfutarsa. Zai sa masa su a abin kunne, shi kaɗai zai ji, makirfo kuwa muryarsa kawai zai ɗauka.

Nan take waƙa ta zauna. Sai dai kalangu ya daɗe da cinye wa Mamuda kunnen hagu, don haka ya riƙa cewa a ƙara sauti.

"Muryarta tana zubowa cikin makirfo fa, Malam," Munzali ya ce.

"Wa zai ji? Ƙara mani."

Ya sani sarai. Son jin ta ne ya fi ƙarfinsa, shi ke nan. Da albam ya fita har aika wa Gogo ya yi cewa ya cika alkawari, muryarsa ce kaɗai a ciki.

Ranar kasuwar Kurfi, mai tura waƙoƙi a waya ya saki albam ɗin a lasifika, kusa da rumfar masu daddawa. Washegari Gogo ta aiko Mamuda ya zo.

Ya cire takalmi tun daga ƙofar gida. Ta ajiye 'yar ƙaramar waya a tabarma tsakaninsu, ta kunna. Baitinsa ya wuce, sai ga wani siririn sauti can ƙasa, kamar ana magana a bayan katanga. Duk Kurfi babu wanda ya lura da shi. Ita kam ta goya mai muryar.

"Ka ce kai kaɗai ne."

Kunya ta rufe shi. Ya so ya ɗora wa Munzali, ya ga abin zai ƙara muni.

"Gogo, ban iya waƙar ba in ba ta."

"Ni na iya kwana ne ba ta? Ga shi ina kwana." Ta murza gefen zanenta. "Ni da na hana ka, jiya ni na je da ƙafata aka tura mani. Na kwana da wayar nan a kunne kamar ɓarauniya. Ka ga abin da ka ja mani?"

Wannan ta fi yi masa ciwo. Da zaginsa ta yi, da ya fi samun sauƙi. Ta zare memorin da farcenta, ta miƙo masa ba tare da ta dube shi ba.

"Je ka cire ta. In ya kwana nan zan sake ji."

Ya bi masu tura waƙa na Kurfi da Birchi da Dutsin-Ma yana roƙon su goge, wasu suka goge, wasu suka yi masa dariya. Sannan ya koma wurin Munzali, ya ce a sake ɗauka, ba komai a kunne.

Muryar ta fita a daddafe, tana rawa. Ƙarshen kowane baiti yana tsayawa daidai tsawon amshinta, sannan ya ci gaba. Da suka gama, Munzali ya nuna masa guraben a kwamfuta.

"Waɗannan shirun sun yi yawa, Malam. In datse su?"

Mamuda ya dube su.

"Bar su," ya ce. "Wannan Gogo za ta iya ji."